Taura Biyu a Hannun Masaƙa: Labarin Aikin Zare a Indabo

Mutanen da sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Wannan gaskiya ne a wajen taura. Amma duk mutumin Indabo, a ƙasar Wudil, wanda ya taɓa leƙa kwandon da uwarsa ko matarsa ta ke ajiye kayan saƙa cikin kwanakin hunturu, da wuya ya tarar da aiki guda ɗaya tak a ciki. Sai ya ga hular jariri an kai rabi, ga safa ƙafa ɗaya an gama ɗayar ba a soma ba, ga kuma shawul yana rataye a jikin kibiyoyi tun watan jiya. Waɗansu mazan su kan ce wannan rashin natsuwa ne irin na matan zamani, wai ba su iya gama abu kafin su tsiri wani. To, a nan mu ke so mu nuna cewa riƙon aikin zare biyu ko uku a lokaci guda ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kano. Gado ne, kuma da shi ne kakanninmu suka tufatar da ƙasashe masu nisa ba tare da sun gina masaƙar inji ko ɗaya ba.

Indabo gari ne cikin garuruwan Wudil, kamar su Utai da Darki da Lajawa da Achika. Ita kuwa Wudil tana bakin kogi, kudu maso gabas da Birnin Kano, tsakaninsu bai kai mil 30 ba, kuma a tarihi nan ne mazaunin Makaman Kano. Kasuwarta tana ci ran Juma'a, ta kuwa yi suna wajen shanu. Inda shanu su ke, nan Fulani su ke, inda Fulani su ke kuwa ba a rasa mai neman farin saƙi mai ado ja da kore. Saboda haka masaƙan wannan yanki ba su taɓa rasa wanda za su saƙa wa ba.

Sai mu fara da auduga, gama ita ce uwar aikin duka. A zamanin da, in an tsinto ta daga gona bayan kaka, mata ne su ke karɓarta. Su kan ɗora ta a kan magurji su murje da ɗan ƙarfe har angurya ta fita, watau gurza ke nan. Sa'an nan su shiɓe ta da baka ta yi laushi kamar kumfa, kana a shiga kaɗi da mazari, ana dangwalar alli don kada yatsu su yi gumi. Ku lura fa, waɗannan ayyuka uku ba lokacinsu ɗaya ba. Gurza tana son ƙarfi da zama wuri guda, saboda haka a kan yi ta da hantsi bayan an sauke tukunya. Shiɓa ba ta son iska. Kaɗi kuwa shi ne abokin hira, mace ta kan yi shi tana jiran tuwo ya sulala, ta yi shi jariri yana bayanta, ta yi shi da dare a farin wata ana yi wa yara tatsuniya, don hannun da ya saba ba ya bukatar ido. Har wa yau zaren ma iri biyu ne. Akwai siriri mai ƙarfi, arafiya, wanda ya ke son hankali da haƙuri, akwai kuma abawa mai kauri wadda a ke saurin cika mazari da ita. Macen da ta san abin da ta ke yi ba ta zama da mazari ɗaya. In hankalinta a kwance ya ke ta ɗauki na arafiya, in gida ya cika da hayaniya ta koma na abawa. Ba wanda ya taɓa ce mata marar natsuwa, sai dai a ce mai hannu.

Kuɗin zaren nan kuwa nata ne, miji ba shi da iko da shi. Da shi ta ke yin biki, da shi ta ke tara wa 'yarta tasoshi da ƙore na ɗaki. Matar da ke cikin kulle ta kan ba yarinya ko wata tsohuwa zaren a kai kasuwa, kuɗi ya iske ta har ɗaka.

Mazan ma haka su ke. Masaƙi manomi ne da damina, sai an kai amfanin gona gida ya ke yin wadari, ya miƙa zarensa mai tsawo a fili, ya ɗaure bakinsa a jikin kunkuru da dutse a kai, ya zauna a inuwa yana jefa ƙoshiya. Abin da ya ke fitarwa ɗan siriri ne, faɗinsa bai fi tafin hannu ba, wani ma bai kai ba, sai an haɗa sawaye da yawa an ɗinke kafin a sami zane ko riga. Marini kuwa ya fi kowa sanin amfanin riƙon aiki da yawa. In ya zuba baba da toka da ruwa a karofi, ba ya rinuwa ran nan, sai ya yi kwanaki ana motsa shi kafin ya nuna. Da a ce marini zai zauna gaban rami ɗaya yana jira, da yunwa ta kashe shi. Don haka ya kan riƙe ramuka da dama, wannan yana nuna, wancan ana rini a cikinsa, wancan kuwa ya mutu ana kwashe shi. Ko tufar da a ke rinawa ma ba tsomi ɗaya a ke mata ba. A kan tsoma a fitar, ta sha iska launinta ya juya daga kore zuwa shuɗi, a sake tsomawa, kuma kafin wannan ta sha iska ya riga ya tsoma wata.

Babbar riga ita ce ta fi nuna wannan tsari. Dubi riga mai aska takwas. Kafin ta hau wuyan mai ita ta bi ta hannun mai kaɗi, da masaƙi, da marini in mai launi ce, da maɗinkin da ya haɗa sawaye, da malamin da ya zana adon aljihu, da wanda ya bi zanen da allura da zaren tsamiya, sa'an nan mabugi ya buge ta ta yi ƙyalli. Ɗinkin adon nan ya kan ci watanni. Yawancin masu yinsa malamai ne da manyan almajirai, waɗanda su ke ɗauka in an tashi daga karatu, su ajiye in lokacin karatu ya yi. Da ya ke aikin aljihu yana cin ido, ba a yinsa sai da hasken rana sosai, in magariba ta kusa sai mutum ya ɗauko hula ko kalmasa, abin da ba ya bukatar ƙura ido. Ashe ka ga a zaure ma, kamar a cikin gida, kowane aiki da sa'arsa.

Wani zai ce, ai wannan 'yar sana'ar ƙauye ce, me ta tsinana? To, ga shaida daga bakin baƙo. Cikin watan Fabrairu na shekarar 1851, zamanin Sarkin Kano Usman ɗan Dabo, wani Bature mutumin Jamus ya sauka a Kano, sunansa Heinrich Barth, amma a ƙasashen nan Abdulkarim ya ke kiran kansa. Mutum ne mai yawan tambaya da lissafi. Ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ta ke fitarwa waje kowace shekara sun kai na wuri miliyan 300, ya kuma ce ana kai su har Murzuk da Gat da Tarabulus ta arewa, har Tambutu da bakin teku ta yamma. Don mai karatu ya gane girman wannan kuɗi, shi Barth ɗin ya ce a lokacin wuri dubu 50 zuwa dubu 60 ya isa ya riƙe gida guda shekara ɗaya cur, ci da sha da sutura. In muka raba, za mu ga kuɗin tufafin nan ya isa ya riƙe gidaje dubu 5 ko fiye. Abin da ya fi burge shi kuwa shi ne, ba a tara mutane cikin manyan ma'aikatu irin na Turai ba, kowa yana aikinsa yana cikin iyalinsa. Sunan Kano ne ya tafi duniya, amma mafi yawan aikin a garuruwan karkara aka yi shi, irin su Kura da ta shahara da baƙin turkuɗi mai ƙyalli wanda Buzaye su ke naɗawa, da Minjibir, da garuruwan Wudil.

Ba daidai ba ne mu wuce ba mu faɗi wani abu ba, ko da ya ke ba shi da daɗin ji. Ba dukan hannuwan nan ne na 'ya'ya ba. A ƙarni na 19 bayi da yawa ne suka noma audugar a rinji, kuyangi kuma suka kaɗa ta, ba su kuwa ga ko wuri ɗaya daga cikin miliyoyin da Barth ya lissafa ba.

Ran 3 ga Fabrairu 1903 Turawan Ingila suka ci Kano. Shekara ɗaya kafin nan masu masaƙun Ingila sun kafa wata ƙungiya a Manchester don neman auduga, ita ce mutanenmu su ke kira Bisije. Burinsu shi ne in hanyar jirgin ƙasa ta iso, audugar Arewa duka ta gangara teku. Hanyar ta iso Kano cikin 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa cikin 1912, amma lissafin bai fita yadda suka so ba. Masaƙan ƙasar Kano sun fi Bisije sayen auduga da daraja, saboda haka manomi ya sayar musu da audugarsa, ya kuma shuka gyaɗa ya sayar wa kamfanoni. Jirgin da aka kawo don auduga sai ga shi yana jidar gyaɗa. Wannan ya nuna irin ƙarfin da mazari da ƙoshiya su ke da shi a lokacin. Abin da ya karya su daga baya shi ne zaren kanti da akoko da atamfa masu araha. Masaƙi ya ga zaren inji ya fi santsi, ba ya tsinkewa, sai ya rage sayen na mata. A hankali a hankali mazari ya koma hannun tsofaffi kaɗai. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Gwamnati ta buɗe wurin koyar da saƙa da faffaɗar masaƙa a Minjibir, cikin 1957 kuma aka buɗe babbar masaƙar inji ta farko a Kaduna. Ita ma ba ta dawwama ba, an rufe ta cikin 2002.

To, hannun da ya saba da zare tun kaka da kakanni ba ya iya zama haka nan. A cikin wannan giɓi ne saƙar kibiya da ta kwarashi suka shigo.

Ya kamata mu bambanta su da saƙar masaƙa, don Hausa ta haɗa su duka da kalma ɗaya. A masaƙa zare kashi biyu ne, na tsaye da na kwance, suna gilma juna. A saƙar kibiya kuwa zare ɗaya ne tak, ana yi masa zarge, a zura wani zargen cikin wancan, a yi ta haka sahu bisa sahu. Shi ya sa tufar ta ke miƙewa ta koma, ta kama jiki, ta riƙe ɗumi. Shi ya sa kuma in ka ja bakin zaren sai ta warware duka.

Mutane da yawa suna tsammani Turawa ne suka ƙago ta. Ba haka ba ne. Mafi daɗewar saƙar kibiya da masu bincike suka samu, a Masar aka tono ta, waɗansu safuna ne na auduga, fari da shuɗi, waɗanda aka saƙa tsakanin ƙarni na 11 da na 14, waɗansunsu ma da ado irin na rubutun Kufa. A ƙasar Sifen kuma, a garin Burgos, an sami matashin kai na alharini a kabarin wani ɗan sarki da ya mutu cikin 1275, an saƙa kalmar baraka da Larabci a gefensa, alama ce ta cewa hannun Musulmi ne ya yi shi. Daga can ne sana'ar ta bazu cikin Turai, har cikin 1589 wani limamin Kirista a Ingila mai suna William Lee ya ƙago keken saƙa safa. Abin mamaki kuma, saƙar kibiya ta riga Turawa zuwa Kano, sai dai ta zo a ɓoye. Jar darar nan da fatake su ke kawowa ta hamada daga Tunis, wadda sarakai da attajirai su ke naɗa rawani a kanta, da kibiya mata su ke saƙa ta da gashin tumaki, babba ƙwarai, sa'an nan a jiƙa ta a yi ta bugu har ta tsuke saƙar ta ɓace, kana a rina ta ja. Kakanninmu sun daɗe suna ɗauke da saƙar kibiya a kansu ba su sani ba.

Koyon yin ta da hannu kuwa ta makaranta ya zo. Cikin 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata na farko na Gwamnati a Kano da Katsina, da yardar Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, cikin 1939 kuma aka buɗe ta horad da mata a Sakkwato. Ɗinki da saƙa suna cikin abubuwan da a ke koyarwa. 'Yan matan da suka fara shiga ba su da yawa, galibinsu kuwa daga gidajen sarauta ne da na ma'aikatan En'e, amma sana'ar hannu ba ta zama inda aka ajiye ta. Amarya ta koya wa kishiya, kishiya ta koya wa ƙanwarta da aka kai ƙauye. Da aka tashi Yaƙi da Jahilci cikin shekarun 1950, da kuma lokacin da Gwamna Abubakar Rimi ya kafa hukumar ilmin manya ta Jihar Kano cikin 1980, sai azuzuwan mata suka zama wata hanya. Shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida, wanda aka fara cikin 1987, ya ƙara yaɗa keken saƙa a cibiyoyin mata. Ta irin waɗannan hanyoyi ne kibiya ta kai garuruwa kamar Indabo.

Da ta zo, mata ba su tambayi kowa yadda za su tsara ta ba, sai suka ɗora ta a kan tsarin kaɗi. Saƙa mai sauƙi wadda ba a ƙidaya, kamar tsakiyar shawul, ta gaji abawa, ita ce ta hira da jiran tukunya da gidan biki. Saƙa mai ado, wadda in ka ɓata zarge ɗaya sai ka warware sahu biyar, ta gaji arafiya, ba a taɓa ta sai yara sun tafi makaranta. Akwai kuma ta gaggawa, hula da safa da 'yar rigar da za a kai gidan suna, wadda kwana bakwai ne iyakar wa'adinta, in ta zo dole sauran su jira. Mai suwaita ta sayarwa kuwa tana duban watan Disamba da Janairu, don in hunturu ya wuce ba mai tayawa sai baɗi.

Amma kada mu yi wa abin kwalliya fiye da kima. Akwai wani bambanci tsakanin kaɗi da saƙar kibiya wanda ya kan ja wa mata hasara, masu gunaguni kuma a nan su ke da 'yar gaskiya. Zaren da ke jikin mazari, ko rabi ne, zare ne, ana iya sayar da shi, ba ya kuma tsufa. Rabin suwaita kuwa ba kome ba ne. Ta riƙe kuɗin zaren da aka saya, ta kuma riƙe kibiyoyi biyu, don ba a zare su sai saƙar ta zube, saboda haka mai aiki uku sai ta mallaki kibiya shida. A nan kwarashi ya fi sauƙi, da ya ke zarge ɗaya ne kawai a bakinsa, ana iya cire shi a kai wani aikin. In aiki ya daɗe a ajiye zaren ya ƙare, aka koma kasuwa, sau da yawa launin da za a samo ba ya zama daidai da na farko, ko da sunansu ɗaya, sai rigar ta fito da gaɓa a tsakiya. Hannu ma ya kan sake, abin da aka saƙa da tsauri watan jiya a ci gaba da shi da sassauci yau. Mafi ciwo duka, jariri ba ya jiran kowa. Rigar da aka auna masa yana ɗan wata biyu, in ta yi wata uku a kwando, sai dai a ajiye wa ƙaninsa.

A da marini ya kan san kowane rami da kwanakinsa a ka, don ramukan suna gabansa kullum. Saƙa kuwa tana cikin leda a ƙarƙashin gado. A nan ne macen da ta yi ajin karatu ta fi wadda ba ta yi ba. Ta kan yanki 'yar takarda ta rubuta yawan zargen da ta fara da shi, da sahun da ta tsaya, da kuɗin da zaren ya ci, da sunan mai aikin da ranar da ta yi alkawari, ta soke takardar a jikin saƙar. In ta dawo bayan mako uku ba sai ta zauna tana ƙirga da yatsa ba. In kuma mai aiki ta zo taya, ba a cutar ta, don ta san uwar kuɗinta.

Yau abokan gasar sun yi yawa. Ga gwanjo a Ƙofar Wambai, inda a ke samun suwaita da kuɗin da bai kai na zarenta ba, ga kayan Sin a Kantin Kwari, ga kuma keken saƙa da ke gama cikin yini abin da hannu ya ke yi cikin mako. Zaren da mu ke kira ulu ma yawancinsa bai taɓa ganin tunkiya ba, a ma'aikata a ke haɗa shi daga sinadarin man fetur. Saboda haka mai saƙar hannu ba ta cika samun riba a manyan kaya ba, ƙanana ne su ke fid da ita, kayan jarirai da hulunan sanyi da abin da aka yi wa mutum musamman da launin da ya zaɓa. Waɗansu kuwa ba don kuɗi su ke yi ba ko kaɗan, sai don hannu ya sami abin riƙewa, da kuma daɗin da kaka ta ke ji in ta ga jikanta ran suna cikin hular da ita ta saƙa. Irin waɗannan su ne kwandonsu ya fi cika, don kowace jika ta yi ciki sai an ɗora sabon zare a kibiya, ko da na bara bai sauka ba.